Ya iya ba da canji, ya kasa amsa tambayar malam: inda lissafi ke kakare wa yaran firamare

Ga wata tambaya da za a iya samun irinta a littafin lissafi na aji biyu: "Talatu tana da ƙwai 8. Ta fi Ladi da ƙwai 3. Ƙwai nawa Ladi take da su?" Amsar ita ce 5. Amma idan aka ba yara 'yan shekara bakwai ko takwas wannan tambaya, da yawa daga cikinsu 11 za su rubuta, har da waɗanda suka haddace cewa in an cire 3 daga 8 saura 5. Sun ga kalmar "fi", an kuwa saba musu da cewa duk inda aka ga abin da ya yi kama da ƙari tarawa ake yi, sai suka tara.

Irin wannan tambaya da ake saƙa lambobi a cikin ɗan gajeren zance, a bar yaro ya gano da kansa ko tarawa zai yi ko ɗebewa, ita ce za mu kira lissafin labari. A nan ne karatu da lissafi suke fara haɗuwa a rayuwar ɗalibi, a nan ne kuma iyaye da yawa suke fara ganin jan biro a littafin yaron da suka ɗauka ya iya lissafi. Ma'aikacin da ke tasowa daga Kubwa ko Nyanya ko Mararaba tun da asuba, ya dawo bayan magariba, ya biya kuɗin makaranta da na malamin lesin, yana da haƙƙin sanin abin da ke faruwa a kan ɗansa a wannan gaɓa. Haka ma wanda fayil ɗin ilimi ke bi ta teburinsa a ma'aikata.

Girman matsalar

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta gudanar tare da UNICEF a 2021 kan halin da mata da yara suke ciki ya gwada yara 'yan shekara 7 zuwa 14 a kan ginshiƙan lissafi. Kimanin yaro ɗaya cikin huɗu ne kawai ya tsallake. Abin da aka tambaye su bai wuce karanta lamba, da gane wadda ta fi girma cikin lambobi biyu, da tarawa, da cike gurbi a jerin lambobi ba. Ba a kai ga lissafin labari ba ma. A ɓangaren karatu sakamakon kusan ɗaya ne da wannan. Tunda lissafin labari yana buƙatar duka biyun, mai karatu zai iya kintatar inda aka kwana.

Abin ba ya tsayawa a aji biyu. Jarrabawar shiga kwalejojin haɗin kai na Gwamnatin Tarayya, wadda hukumar NECO ke shiryawa ga 'yan aji shida, tana ɗauke da tambayoyin da sai yaro ya karanta ya fahimta kafin ya taɓa lamba. A sakandare kuma tambayoyin riba da faɗuwa, da na gudu da nisa, da na aljabara, duk jikokin tambayar ƙwan Talatu ne. Yaron da ya saba da cafke lambobi ya yi musu abin da ya zo masa, da wannan ɗabi'ar zai shiga zauren WAEC.

Tambaya ɗaya, fuska goma sha ɗaya

Babba yakan ɗauka cewa duk tambayar tarawa ɗaya ce, duk ta ɗebewa ma ɗaya ce. Masu bincike a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Thomas Carpenter da Elizabeth Fennema, sun shafe shekarun 1980 suna zama da ƙananan yara suna kallon yadda suke warware tambayoyi. Suka kasa lissafin labari na tarawa da ɗebewa gida huɗu, waɗanda suka rarrabu zuwa nau'i 11, gwargwadon inda abin da ake nema ya ɓuya.

Gida na farko shi ne na ƙari. "Audu yana da goro 7, aka ƙara masa 5, nawa ke nan?" Wannan ita ce mafi sauƙi, domin labarin yana tafiya yadda yaro zai yi da hannunsa: ya ajiye 7, ya ƙara 5, ya ƙirga 12. Amma a juya ta: "Audu yana da goro 7, aka ƙara masa wasu, suka zama 12. Nawa aka ƙara masa?" Labarin na ƙari ne, amma amsar tana fitowa ne ta ɗebewa, ko ta ƙirgawa daga 7 zuwa 12. A sake juya ta: "Audu yana da goro, aka ƙara masa 5, suka zama 12. Nawa yake da su da farko?" A nan yaro ba shi da inda zai fara ajiye tsakuwarsa, domin farkon labarin shi ne abin da ba a sani ba. Lambobin ba su canza ba, 7 da 5 da 12 ne, amma wahalar ta bambanta ƙwarai.

Gida na biyu na ragi ne, wato a ci, a kashe, a bayar, ko a ɓatar. Shi ma fuska uku gare shi kamar na farko. Gida na uku na haɗin kashi biyu ne, inda babu abin da ya motsa: "A garke akwai dabbobi 15, tumaki 9 ne, sauran awaki. Awaki nawa ne?" Gida na huɗu na kwatantawa ne, irin na Talatu da Ladi, inda ba a ƙara wa kowa ba, ba a rage wa kowa ba, ana auna tazarar da ke tsakanin abu biyu ne kawai. Wannan gida da kuma tambayoyin da farkonsu ya ɓuya su ne suka fi ba yara wahala.

Mai karatu ya buɗe littafin aikin ɗansa ya ƙirga. Idan ya tarar kusan duk tambayoyin irin ta farko ce, wato a ba da lamba biyu a nemi jimla ko saura, to yaron yana samun nau'i biyu ko uku ne daga cikin 11. Ranar da jarrabawa ta zo da sauran, zai ga kamar ba a taɓa koya masa ba, gaskiyarsa ce kuwa.

Tarkon farautar kalma

Akwai wata gajeriyar hanya da ta yaɗu a makarantu, ta gwamnati da ta kuɗi. Malami ya rubuta jerin kalmomi a allo, ya ce in kun ga "duka" ko "ƙari" ko "jimla" ku tara, in kun ga "saura" ko "rage" ku ɗebe. Dabarar tana aiki a kan tambayoyi masu sauƙi, shi ya sa ake ganin kamar tana da amfani. Illarta ita ce tana koya wa yaro cewa ba sai ya karanta labarin ba.

A duba wannan: "Wata bas ta taso daga Nyanya da fasinjoji. A mahaɗar AYA mutum 6 suka sauka, saura 12 a ciki. Fasinja nawa ta taso da su?" Mai farautar kalma zai ga "sauka" da "saura", ya cire 6 daga 12, ya rubuta 6. Da ya tsaya ya yi tunani, da ya ga ba zai yiwu motar da ta taso da mutum 6 ta sauke 6 kuma a sami saura 12 ba. Amsar 18 ce, ta hanyar tarawa ake samunta, duk da cewa kalmomin labarin na ragi ne.

Masu bincike a birnin Grenoble na Faransa sun nuna iyakar inda wannan ɗabi'a ke kai yara. A wajen 1980 suka ba 'yan firamare wata tambaya: a cikin jirgin ruwa akwai tumaki 26 da awaki 10, shekarun matuƙin jirgin nawa? Fiye da kashi uku cikin huɗu na ƙananan yaran da aka fara gwadawa sun ba da amsa ta hanyar sarrafa lambobin, akasari suka ce 36. Yaran ba su rasa hankali ba. Makaranta ce ta saba musu da cewa kowace tambaya tana da amsa, kuma amsar tana fitowa ne daga lambobin da aka bayar, ko da ma'ana ko babu.

Wani bincike da Tom Hudson ya wallafa a Amurka a 1983 ya nuna ɗaya ɓangaren. An nuna wa yara hoton tsuntsaye da tsutsotsi, tsuntsayen sun fi yawa. Da aka tambaye su da nawa tsuntsaye suka fi tsutsotsi yawa, kimanin ɗaya cikin huɗu na 'yan ajin share fagen firamare ne suka amsa daidai. Da aka sauya lafazin, aka ce kowane tsuntsu zai ruga ya ɗauki tsutsa ɗaya, tsuntsu nawa ne ba zai samu ba, kusan dukansu suka amsa daidai. Lissafin yana nan a kan yaran tun farko, lafazin tambayar ne ya tare masa hanya.

Alamar daidai ma tana da nata tarkon. A rubuta wa yaro 8 + 4 = __ + 5, a ce ya cike gurbin. Da yawa za su sa 12, domin sun ɗauki alamar a matsayin umarnin "rubuta amsa". Abin da take nufi shi ne ɓangaren hagu da na dama nauyinsu ɗaya, kamar sikelin mai sayar da nama, don haka 7 ce za ta shiga gurbin. Yaron da bai gane wannan ba zai sha wahalar rubuta tambayar Audu ta biyu a matsayin 7 + __ = 12.

Lissafin kasuwa da na aji

Duk wanda ya taɓa sayen gyaɗa ko ruwan leda a hannun yarinya 'yar talla a tashar mota ya san ba a cutarta a canji. Ka sayi kayan naira 350, ka miƙa mata 500, ba za ta rubuta komai ba. Za ta ce ga 50 ya zama 400, ga 100 ya zama 500. Ta warware tambayar ɗebewa ta hanyar ƙirgawa zuwa sama, wadda ita ce ainihin dabarar da ake buƙata a tambayar "nawa aka ƙara masa".

An auna wannan abu a kimiyyance. A 1985 Terezinha Carraher da David Carraher da Analucia Schliemann suka wallafa binciken da suka yi a birnin Recife na Brazil a kan yara biyar masu sayar da kaya a titi. A bakin sana'a, yaran sun amsa kashi 98 cikin ɗari na tambayoyin daidai. Da aka ba su lissafi iri ɗaya a matsayin labari, da takarda da fensir, suka sami kimanin kashi 74. Da aka cire labarin aka bar lambobi tsura, suka faɗo zuwa kimanin kashi 37. Ɗaya daga cikinsu, da aka tambaye shi kuɗin kwakwa 10 a kan 35 kowace, sai ya ce uku 105 ne, ya tara 105 sau uku, ya ƙara 35, ya sami 350. Yaran kaɗan ne, amma a 2025 mujallar Nature ta wallafa wani bincike mafi girma da Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019, suka yi da abokan aikinsu a kasuwannin Kolkata da Delhi na Indiya. Yaran kasuwa sun ƙware a lissafin ciniki amma sun yi rauni a na takarda, yaran makaranta kuma da ba sa ciniki suka zama akasin haka.

Darasin a nan ya shafi ɗan ma'aikaci kai tsaye. Yaron da mota ke kai shi makaranta ta dawo da shi, ba a aikensa shago, ba ya taɓa kuɗi domin da kati ko taransifa ake biyan komai, yana iya haddace jadawali tsaf amma ba shi da wani hoto a zuciya da zai jingina lambobin. Babu mai cewa a ɗora wa yaro talla, illolinta ga karatu da tsaron yara sananne ne. Abin da ake nema shi ne a samar wa ɗan aji abin da 'yar talla ta samu, wato lambobin da ke nufin wani abu.

Harshen Hausa ma ya zo da nasa tanadin. Wanda ya ce "goma sha uku" ya yi tarawa, wanda ya ce "ashirin ba ɗaya" yana nufin 19 ya yi ɗebewa, haka "talatin ba biyu" a madadin 28. Yarabanci ya fi zurfafawa a wannan, domin 15 ma a wurinsu ashirin ce da aka cire wa biyar. Yaron da ya tashi yana jin irin wannan ƙirga a bakin kakarsa ya riga ya san cewa ana iya isa lamba ta baya, kafin ya ga alamar ɗebewa a allo.

Da wane harshe ake tambayar?

Yawancin yaranmu suna haɗuwa da lissafin labari ne da Turanci, harshen da suke kan koyo. Nauyi uku ke nan a lokaci guda: karanta kalmomin, fahimtar abin da ya faru a labarin, sannan yin lissafin. Idan yaro ya faɗi, takardar sakamako za ta ce lissafi ya faɗi, alhali wataƙila a matakin farko ya tsaya.

Muhawarar ta daɗe. Daga 1970, Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa na Jami'ar Ife ya jagoranci wani gwaji inda aka koyar da wasu yara dukan darussan firamare, har da lissafi, da Yarabanci na tsawon shekara shida, ana koya musu Turanci a matsayin darasi. Rahoton gwajin ya nuna ba su gaza takwarorinsu da aka koyar da Turanci ba, a fannoni da dama ma sun fi su. Manufar ilimi ta ƙasa, tun fitowarta ta farko a 1977, ta amince a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankin da yake zaune. A ƙarshen Nuwamba 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya, lokacin Malam Adamu Adamu yana ministan ilimi, ta amince a faɗaɗa hakan zuwa dukan shekaru shida na firamare. A Nuwamba 2025 kuma ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke wannan manufa da komawa Turanci, yana danganta matakin da faɗuwar ɗalibai a manyan jarrabawa, matakin da masana harshe da dama suka yi suka a kai.

Ajin firamare a Abuja yana da tasa sarƙaƙiyar, domin a benci ɗaya za a sami ɗan Gbagyi da Bahaushe da Ibo da Tibi. Amma ko wace manufa ke aiki a makaranta, ba ta hana uwa ko uba yin gwaji mai sauƙi a gida. A karanta wa yaro tambayar da ya faɗi, a faɗa masa ita da harshen da yake mafarki da shi, ba tare da an nuna masa hanya ba. In ya amsa nan take, matsalarsa ta karatu ce ko ta Turanci, kuma ƙara masa shafukan tarawa ba zai magance ta ba. In ya kasa ko da Hausar, to a koma kan fahimtar lissafin kanta.

Daga tsakuwa zuwa zane, daga zane zuwa lamba

Masanin halayyar ɗan Adam Jerome Bruner ya bayyana a shekarun 1960 cewa yaro yana kama sabon ilimi ta matakai uku: ya taɓa da hannu, ya gani a hoto, sannan ya rubuta da alama. Ƙasar Singafo ta gina koyar da lissafinta na firamare a kan wannan, kuma a farkon shekarun 1980 ma'aikatar iliminta ta ɓullo da dabarar zana sanduna don warware lissafin labari. Ɗaliban ƙasar sun daɗe suna cikin na gaba-gaba a gwaje-gwajen lissafi na duniya.

Dabarar ba ta buƙatar na'ura. A ɗauki tambayar bas ɗin Nyanya. Da farko yaro ya kwashi murafun kwalba su zama fasinjoji, ya ware 6 da suka sauka gefe guda, 12 da suka rage a ɗaya gefen. Da kansa zai ga cewa kafin a isa AYA dukansu suna cikin motar. Mataki na biyu, ya zana doguwar sanda ɗaya, ya raba ta gida biyu, ya rubuta 6 a ƙaramin gida, 12 a babban, ya sa alamar tambaya a kan sandar gaba ɗaya. Sai a mataki na uku ya rubuta 6 + 12 = 18. A tambayar kwatantawa sanda biyu ake zanawa, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya: ta Talatu mai tsawon 8, ta Ladi gajeriya, tazarar da ke tsakaninsu 3. Yaron da ya zana wannan da wuya ya rubuta 11, domin idonsa na ganin ta Ladi ce gajeriya.

Masanin lissafi George Polya, a littafinsa na 1945 kan warware matsaloli, ya jera matakai huɗu: fahimtar tambaya, tsara hanya, aiwatarwa, da waiwaye. Na farko da na ƙarshe su ne ake yawan tsallakewa a ajin da yara suka yi yawa, lokaci kuma ya yi kaɗan. Waiwaye ga ɗan aji biyu yana nufin ya mayar da amsarsa cikin labarin ya ji ko ta zauna: in Ladi na da 11, Talatu mai 8 ta fi ta ke nan?

Akwai kuma batun haɗa yara bisa matakin da suka kai. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ɓullo da tsarin gwada kowane yaro, a ware su rukuni-rukuni gwargwadon abin da suka iya maimakon ajin da suke, a ba su wani lokaci kullum suna aiki da tsinke da damin tsinke goma-goma da gajerun labarai. An gwada tsarin a Najeriya, ciki har da jihohin Borno da Kano, da harshen da yaran ke ji.

Minti goma a gida

Ma'aikacin da cunkoson hanya ya cinye masa yamma ba shi da sa'a guda ta zama da yaro, amma abin da ake buƙata bai kai haka ba. Lokacin da ake shirin cin abinci, a ce mu 7 ne, cokula 4 aka kawo, nawa za a ƙaro? A mota, a ce mun wuce fitilar hanya 3, kafin gida akwai 8 gaba ɗaya, saura nawa? A riƙa juya inda abin nema yake, yau ƙarshe, gobe tsakiya, jibi farko.

In yaro ya ba da amsa, daidai ce ko kuskure, tambayar da ta fi amfani ita ce "yaya ka yi ka samu?" A cikin bayaninsa ne za a ji ko ya fahimta ko ya cafka. Kafin ya taɓa fensir, a sa shi ya rufe littafin ya maimaita labarin da bakinsa. Wani lokaci a ba shi labarin babu lambobi: Talatu na da ƙwai, ta fi Ladi, wa ke da kaɗan? In ya amsa, sai a zuba lambobin. Wani lokaci a juya aikin, a rubuta masa 9 − 4, a ce ya ƙirƙiro labarin da ya dace da shi. Lokaci-lokaci a sa lambar da ba ta da amfani a cikin labarin, ko a yi masa irin tambayar matuƙin jirgi, a yaba masa in ya ce wannan ba ta amsuwa.

Kada a hana shi ƙirga da yatsu, mataki ne da zai wuce da kansa idan lambobin sun zauna masa. Kada kuma a haɗa lissafi da bulala ko tsawa, domin yaron da ke tsoro sauri yake yi ya rubuta wani abu ya tsira, saurin nan kuwa shi ne tushen cafke lambobi. Mai biyan malamin lesin ya zauna sau ɗaya ya saurara. In ya ji ana haddace jerin kalmomin tarawa da na ɗebewa, ya nemi malamin cikin mutunci ya sa yaron ya riƙa zana labarin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga masu riƙe da fayil

Abin da iyaye za su iya yi yana da iyaka, sauran yana hannun hukumomin da yawancinsu ke nan Abuja. Hukumar NERDC da ke Sheda ita ke tsara manhaja da tantance littattafai, don haka tana iya duba ko littattafan aji ɗaya zuwa uku suna ɗauke da dukan nau'o'in tambaya ko masu sauƙin kawai, da kuma ko labaran suna magana a kan abubuwan da yaron Kwali ko Abaji ya sani. Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna da kwalejojin ilimi su ke horas da malamai, kuma malamin da aka koya wa lissafi ta hanyar hadda haka zai koyar sai an nuna masa wata hanya. Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke yankin Kwali tana da ƙwararrun da za su taimaka a wannan.

Batun kuɗi ma yana nan. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar da ke asusun bai-ɗaya na Gwamnatin Tarayya, kuma jiha ba ta karɓar kasonta na ayyuka sai ta ajiye kwatankwacinsa. An sha ba da rahoton biliyoyin nairori da ke kwance saboda wasu jihohi ba su ajiye nasu ba. A nan Babban Birnin Tarayya, malaman firamare na ƙananan hukumomi shida sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025 kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da wasu haƙƙoƙinsu. Ga ɗan aji biyu, wata uku zango guda ne cur, kuma lissafi gini ne da kowane bulo ke zaune a kan na ƙasansa.

Hadimin da ke rubuta wa shugabansa takardar bayani kan ilimi yakan lissafa ajujuwan da aka gina, da kujerun da aka saya, da littattafan da aka raba. Waɗannan suna da muhimmanci, kuma suna da sauƙin ƙirgawa. Zai yi kyau ya ƙara layi ɗaya a takardar: cikin yaran aji uku da ke zaune a waɗannan kujeru, nawa ne za a karanta wa tambaya mai jimla uku su gane ko tarawa ake nema ko ɗebewa? Gwajin ba ya cin fiye da 'yan mintuna ga kowane yaro, kuma jami'in sa ido da ya kai ziyara makaranta zai iya yinsa da alli da murafun kwalba.